Tokar da Ba Ta Zama Taki

Gidanmu gidan maƙeran fari ne, a cikin birnin Kano, tsakanin gindin dutsen Dala da bakin rafin Jakara. Maƙeran baƙi su ne na garma da lauje da gatari, mu kuwa azurfa da tagulla muka gada: zobe, warwaro, mundaye, da kwalliyar linzamin dawakin hawan salla. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, in yana son tsokanar maƙeran baƙi sai ya ce ƙarfensu na gona ne, namu na fada. Su kuma su tuna masa cewa garin ma kansa nasu ne, tunda Abagayawa ne suka taso daga Gaya neman tama suka zauna a gindin Dala. Suna da hujja, don masu tonon tarihi sun sami burbushin murhun narka tama a Dala wanda ya kai wajen ƙarni na 7. An shekara fiye da dubu ke nan ana narka ƙarfe a kan wannan ƙasa, ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. Kashin maƙera na tama dutse ne kawai, da shi muke jifan ƙadangaru.

Lokacin da na yi wayo, farkon shekarun 1980, azurfa ta riga ta bar gidan. Mata sun koma gwal ɗin Makka da sarƙoƙin kanti. Mahaifina ya ajiye awartaki ya koma tsaron shago a Kantin Kwari. Ƙanensa, Baffa, shi ne ya ƙi rabuwa da wuta. Ya koma zubin tukwane da ludayan alminiyam: fistin mota, fasasshiyar tukunya, gwangwani, duk abin da ya yi fari sai a narka a zuba cikin danƙararren yashi mai laima. Da wannan ya riƙe iyalinsa har 1986, shekarar da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta kama gangara. Sabon batirin mota ya fi ƙarfin direban tasi, gyaran tsoho ya zama sana'a, dalma ta yi daraja. Baffa ya gina murhu na biyu a filin da ke bayan zaure.

Aikin ba shi da wani asiri. Ana sayo matattun batira a hannun bakanikai da 'yan gwangwan na Ƙofar Ruwa, a turo su a kura. Da farko a kwance murafen a tuntsurar da ruwan batir a kwata. Ƙasa ta yi ta kumfa tana huci, in kuwa ya fallatsar maka a riga, kafin jibi ta ɓule. Sai a sa gatari a fasa baƙin kwankon, a zaro falle-fallen dalma masu raga-raga. A cikin ramukan ragar akwai busasshen gari, na wasu fallayen ja-ja, na wasu ruwan toka. Ana buga su a ƙasa garin ya zube, a tara ragar cikin tsohuwar tukunyar ƙarfe a ɗora kan gawayi. Dalma ba ta da gardama. A digiri 327 take narkewa, alhali alminiyam sai ya kai 660, shi ya sa Baffa yake cewa ranar dalma ranar hutu ce, rabin gawayi ya isa. Zuga-zugin fata ya riga ya tsufa a lokacin, wilin keke ne aka haɗa da fanka, ni ne mai juya shi in na taso daga makaranta. In ta narke takan kwanta tana ƙyalli kamar man shanu a kasko, sai wata dauɗa ta taso a sama, Baffa ya sa ludayi ya yaɗe ya watsa gefe, sannan ya tsiyaye mai kyaun cikin ramukan da aka jera a ƙasa.

Masu saye ba sa yankewa. Masu cajin batir suna so don sake zuba kan batir da ya cinye. Masunta daga Wudil da Haɗeja suna so don nauyin bakin birgi. Mafarauta suna yin harsashin bindigar toka da ita, masu like kwano da masu gyaran lagireto su ma suna da nasu rabon. A shekara biyu Baffa ya sayi babur, ya sake rufin ɗakin Kaka da kwano.

Abin da babu wanda ya sani a gidan shi ne cewa garin nan da muke karkaɗewa shi ma dalma ne. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce, kuma kusan rabinta ko fiye tana cikin wannan gari, ta haɗe da iska da farar wuta ta yadda wutar gawayinmu ba za ta iya mayar da ita ƙarfe ba. Wannan sai babban murhun masana'anta mai zafin digiri sama da dubu. Kaso ɗaya muke sayarwa, ɗayan mu share da tsintsiya mu kai juji. Hayaƙin kuma, in ka wuni a gaban murhu, sai ka ji wani zaƙi-zaƙi na ƙarfe a bayan harshe. Maganinsa a wurin Baffa gwangwanin madara ne da magariba, wai tana wanke ƙirji. Duk masu walda na zamanin sun yarda da wannan, har yau ma akwai masu yi.

Jujin nan kuwa ba na banza ba ne. Na Kaka ne, kuma dukiya ce.

Wanda bai ga Kano ta wancan lokaci ba zai yi wuya ya gane yadda birni da karkara suka riƙe juna. Da asuba, tun daga ƙarshen kaka har faɗuwar ruwa, jakuna ne ke shigowa ta Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa da Dawanau, ɗauke da itace da kara da harawa. In sun sauke, ba sa komawa wayam. Ana cika mangaloli da takin birni: tokar murhu, kashin awaki da tumaki, shara, ɓaraguzan tsohuwar katanga, a kai gonakin da ke kewaye da gari. Da wannan ne manoman Kano suke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, abin da ya ba Turawan bincike mamaki, har Michael Mortimore ya yi ta rubutu a kai tun shekarun 1960. Tsarin gaba ɗaya a kan amana ɗaya ya tsaya: duk abin da birni ya zubar ruɓewa yake yi. Ƙwarya, tabarma, fata, tsumma, ƙashi, ba wanda ƙasa ba ta cinyewa. Batirin tocila ne ya fara karya wannan amana, sai leda, sai kuma irin tokarmu. Mu yara ma har fasa batirin rediyo muke yi mu kwaɓa baƙin garin da ke cikinsa mu shafe allon aji da shi, malam yana sa mana albarka.

Mai kwasar jujinmu wani dattijo ne daga wani ƙauye ta wajen Ungogo, Baba mai jaki muke ce masa. Tun zamanin Kakanmu yake zuwa. Ba ciniki tsakaninsa da Kaka: ya kawo itace, ya kwashi taki, da kaka kuma ya kawo damin gero da ɗan wake. A ƙarshen daminar 1987 ya zo ba jaki. Ya gaisa da Kaka ta bakin ƙofa, ya dawo zaure ya tsuguna gaban Baffa, ya daɗe yana wasa da bakin rigarsa.

"Malam, tambaya zan yi, don Allah kada ka ga baƙina."

"Haba Baba, faɗi mana."

"Takin nan na bana, me kuka zuba a ciki?"

Ya ce duk inda ya jibge mangalar jujinmu kafin ya baza, geron wurin ya fito rawaya, ya tsaya a gwiwa, sai ka ga gona ta yi tabo-tabo. Ya tona wurin da fartanya bai ga tana ba, bai ga gwazarma ba, ga ƙasar ta yi wani fari-fari. Abin da ya fi ci masa rai kuwa ɗan maraƙinsa. Ya same shi yana lasar tsibin takin, bayan 'yan kwanaki ya makance, yana cizon haƙora, yana tura kai jikin danga, har ya faɗi. Baffa ya ce toka ce irin ta kowa, sai dai ko ruwan batir ne ya ɗan taɓa ta. Ya shiga gida ya fito da sabuwar tukunya ya ba shi, suka yi musabaha. Dattijon bai daina kawo wa Kaka itace ba har ya rasu, amma bai sake ɗora ko mangala ɗaya daga jujinmu ba. Wasu masu jakin, waɗanda ba su san labarin ba, suka ci gaba da kwasa suna godiya.

Yanzu na san likitocin dabbobi a duk duniya sun san wannan ciwon: tsohon batir na cikin manyan abubuwan da ke kashe shanu da gubar dalma, don suna son ɗanɗanonsa, kuma makanta da cizon haƙora su ne alamunsa. Dattijon nan da bai taɓa shiga aji ba ya kawo rahoto cikakke, da alama da sanadi, har da gwajin tono.

A watan Yunin 1988 gidajen rediyo suka cika da labarin Koko, wani ɗan gari a bakin ruwa a tsohuwar jihar Bendel, inda aka gano an jibge dubban gangunan guba daga Italiya. Ƙasa ta ɗauki zafi, har aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a ƙarshen shekarar. A zaurenmu ake sauraron labarin, ana tsine wa Turawa, murhu na ci a bayan katanga.

Wata biyu bayan haka, cikin Agusta, aka yi ruwan da har yau tsofaffin birni suke lissafin shekaru da shi. Shi ne ya fasa madatsar Bagauda, a cikin ganuwa kuma gidajen ƙasa suka dinga zubewa cikin dare. Filinmu ya zama tafki. Da gari ya waye babu juji, babu tsibin garin batir na shekara biyu, ruwa ya share su tas ya zuba a kududdufin unguwa, abin da ya yi saura ya bi kwata ya faɗa Jakara. Mutanen gida har hamdala suka yi, an huta da kwasa.

A kududdufin nan agwagin Kaka suke wuni. Kafin ƙarshen wata suka fara tafiya suna tangaɗi, fukafukai na jan ƙasa, kashinsu kore shar, ƙirjinsu ya zama ƙashi. Ɗaya bayan ɗaya suka ƙare, har da na maƙwabta. Aka ce annoba ce. Kaka ta ce ita dai tun tana yarinya ta san ciwon kaji da hunturu yake zuwa, ba da marka ba, kuma agwagwa ba ta cika damuwa da shi ba. Ta dube ni, da yake ni ne mijinta na wasa, ta ce, "Maigida, ruwa ba ya tsami banza. Ku da Baffanka kun san abin da kuke dafawa." Agwagwa tana tsintar tsakuwa a cikin laka don ta niƙa abinci a ƙundunta, in ta haɗiyi ɗigon dalma sai ƙundun ya niƙe shi ya aika cikin jini. Daminar da ta biyo baya, kwaɗin kududdufin da suke hana mu barci ba su yi rabin kukan da suka saba ba. Da rani kuma, da ruwan ya ja baya, daga bakin kududdufin nan aka haƙi ƙasar da aka yi tubali aka tayar da katangun da suka faɗi a lungunmu, aka yaɓe ɗakuna. Haka birni yake gini tun fil azal, daga ramin da ke kusa.

Sai autan Baffa. Shekararsa uku a lokacin, yaro mai surutu, a filin nan ya yi rarrafe, a nan ya koyi tafiya, kullum hannu a ƙasa, hannu a baki. Ya fara da ƙin abinci da taurin ciki, sai amai, sai ya yi fari fat. Wata ranar Juma'a taune-taune ya kama shi yana goye. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka kai asibiti, aka ba shi maganin zazzaɓin da ya hau kai. Ba a auna dalma a jininsa ba, ba al'adar asibitocinmu ba ce a lokacin. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma surutun bai dawo ba. Ya maimaita aji har ya gaji ya bari, allonsa bai wuce ƙananan surori ba. Yau magidanci ne, yana dako a kasuwar Kurmi, mutum mai haƙuri da amana, 'yan kasuwa suna ba shi ajiyar kuɗi ba tare da sun ƙirga ba. In na ji yaran unguwa suna tsokanarsa raina yakan ɓaci fiye da yadda nake nunawa.

Ban taɓa ɗora wa Baffa laifi ba, kuma ba zan yarda a ɗora masa ba. Mutum ne da ya gaji wuta, zamani ya ƙwace masa azurfa ya miƙo masa batir. Duba-gari suna zuwa unguwarmu, su leƙa randa su ga ko da 'ya'yan sauro, su ci tarar mai shara a ƙofar gida, amma ba wanda ya taɓa tambayar mene ne farin garin nan da yara ke zana gidan dara a kansa. Ya daina narkawa ne a tsakiyar shekarun 1990, ba don wani gargaɗi ba, sai don manyan dillalai sun fara sayen batir ɗungurungum suna lodawa kudu, farashinsu ya fi abin da murhu ke bayarwa.

Ni kuma karatu ya kai ni koyar da aikin gona a makarantar sakandare, a nan ne na dinga haɗa abin da na gani da abin da ke cikin littafi. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, rana ba ta cinye ta. Takan maƙale a ɗan saman ƙasa, daidai inda yaro ke wasa da inda kaza ke tono, ta zauna shekaru ɗaruruwa. Ruwan batir kuma yana sa ƙasa tsami, tsamin ya saki ƙarafan su shiga ruwa da saiwa. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar dalma a matsayin sinadarin gina ƙashi, ya ajiye ta a ƙashi da haƙori, mace ta girma da ita, ranar da ta sami ciki ta sauko ta shiga jinin ɗan tayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba ke tsotsa, kuma babu wani adadi nata a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Nakan kai ɗalibaina lambunan bakin Jakara, wajen Kwakwaci, su ga noman rani. In ka ga latas da alayyahu da karas na wurin sai ka rantse ba su da na biyu a Kano. Masu lambun za su ce maka ruwan Jakara taki ne da kansa, ba sa sayen na zamani, kuma gaskiyarsu ne, ruwan kwatar birni cike yake da abincin shuka. Matsalar ita ce ganye ba ya nuna abin da ya sha. Dalma ta fi tsayawa a saiwa da ƙurar da ke kan ganye, amma kadmiyam, wanda ke fitowa daga wasu batira da fenti da tarkacen ƙarfe, hawa yake yi har cikin ganyen, wanki ba ya fitar da shi, ƙoda kuma yake nema. Nafi'u Abdu na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun auna ƙasa da kayan lambun Kano da ake shayarwa da ruwan kwata, suka wallafa a 2011 cewa sun sami kadmiyam da tutiya a ƙasar da cikin kayan miyan. Malaman Jami'ar Bayero su ma sun daɗe suna auna wannan ruwa suna rubutawa.

In aka tayar da zancen a majalisa, mu 'yan birni muna da amsa a shirye: masana'antu ne. Akwai gaskiya a ciki. Kano ce cibiyar jima ta Nijeriya, kuma jimar zamani da kuromiyam ake yin ta, ba da bagaruwa da toka irin ta majemar Ƙofar Wambai ba. Ruwan masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, na Sharaɗa ya bi Salanta ya nufi kogin Challawa, na Jakara kuma ya tattara ya kwanta a madatsar Wasai inda ake su. Sai dai Getsi ba ya haɗuwa da Jakara sai can bayan gari, bayan ta wuce Sabon Gari. Abin da ke cikin ruwan tun yana ratsa Kurmi bai ga Bompai ba tukuna. Namu ne: na masu cajin batir, na masu zubi, na masu ƙona waya don cire jan ƙarfe, na bakanikai, da ƙurar man fetur mai dalma da motoci suka yi ta fesa wa bakin titi kafin ƙasashen Afirka kudu da Sahara su daina sayar da shi a ƙarshen 2005. Titin Wuju-Wuju da aka fara a zangon Kwankwaso na biyu ya rufe wani sashe na Jakara da kankare, wari ya ragu a inda aka rufe, ruwan kuwa yana fita ta ɗaya bakin yadda ya shiga.

A 2010 labarin Zamfara ya fito. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, daga baya Bagega. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida ana niƙawa, duwatsun kuma cike da dalma. Yara sama da 400 suka rasu. A wasu wurare dalmar da ke ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ƙa'idar Amurka a lokacin ga filin wasan yara 400 ce. Baffa ya tsufa a lokacin, hawan jini ya kama shi, wuyan hannunsa na dama ya saki har ba ya iya riƙe buta da kyau. Muna zaune a zaure bayan isha'i, rediyo na lissafa alamun: amai, ciwon ciki, taune-taune.

"Allah sarki," in ji shi. "Su ai zinariya suke nema."

Na ce, "Baffa, dalmar ɗaya ce."

Bai amsa ba. Bayan wasu watanni na karanta cewa ma'aikatan lafiya na Amurka da suka je ƙauyukan sun ji daga bakin mutanen wurin cewa agwaginsu ne suka fara ɓacewa kafin yara su fara kwanciya. Na faɗa masa. Ya sa na maimaita. Sannan ya ce a kira masa auta, da ya zo kuma bai ce masa komai ba, ya dai tambaye shi ko ya ci abinci. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, sai dai na Doma ya zo da gawa ɗari huɗu a lokaci guda duniya ta ji, namu kuwa a hankali yake ci, yaro ɗaya a wannan lungu, maraƙi ɗaya a wancan ƙauye.

Wanda ma ya fi kama da namu a Senegal ya faru, a unguwar Ngagne Diaw da ke Thiaroye a gefen Dakar. An shekara da shekaru ana fasa batir a wurin. Da dalma ta yi tsada, sai mata suka shiga kwaso ƙasar wurin suna tankaɗewa a gida don su tsinci ɓurɓushin su sayar. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu. Ba murhun ne ya kashe su ba, ƙasar da murhu ya bari ce.

Bayan rasuwar Baffa magada suka yanke shawarar a mayar da filin bayan zaure makarantar Islamiyya, ladan ya je masa. Niyya ce mai kyau, ni kaɗai na tsaya a kan sai an duba ƙasar. Yayanmu ya ce, "Malam, boko dai ba ya barin mutum ya yi sadaka cikin kwanciyar hankali." Na kankaro ƙasa daga kusurwoyin filin na kai wa wani tsohon ɗalibina da ke aiki a ɗakin gwaji. Da sakamakon ya fito bai aiko a waya ba, da kansa ya zo gida, ya tambaye ni ko akwai yaran da ke kwana kusa da wurin. Shekara kusan ashirin ke nan rabon filin da wuta.

A Zamfara abin da aka yi shi ne a kankare saman ƙasar gida da ta lungu, a zuba a buhuna, a binne a rami na musamman nesa da gari, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Likitoci ma ba sa fara ba yaro maganin fitar da dalma sai an tsabtace inda zai koma, shi ya sa yaran Bagega suka yi ta jira har 2013 kafin kuɗin aikin ya fito. Na so mu yi haka. Na je wani ofis neman inda ake zubar da irin wannan ƙasa, aka yi ta turo ni daga tebur zuwa tebur, a ƙarshe wani ya ba ni shawarar in nemi mai tifa. Mai tifar ya zo ya zagaya filin, ya ce, "Alhaji, ai ba sai ka biya kuɗin zubarwa ba. Ina da mai cikon kududdufi yana nema, akwai kuma wani mai lambu." Na sallame shi da kuɗin mai. Muka bar ƙasar a inda take, muka zuba mata kankare mai kauri har jikin katanga, aka yi wa katangun filasta da siminti. Na roƙi malamin makarantar abu biyu: a riƙa goge daɓen da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, yara kuma su wanke hannu kafin su ci abin tara. Yana ƙoƙari. Kududdufin an cike shi tuni an yanka filaye, gidaje ne a kai. Katangun da aka tayar bayan ruwan 1988 wasu na nan tsaye, duk damina suna zubar da ɗan abin da suka zubar a lungu.

Batir kuwa bai taɓa yawa a Kano irin na yanzu ba. Rashin wuta ya sa kowane shago da gida mai hali ya sa sola, kowace sola da jerin batiranta masu nauyi, kuma shekara kaɗan suke yi su mutu. Masu saye na yawo da lasifika a kura suna kiran a fito da mataccen batir. Jikan wani maƙwabcinmu yana cikin masu tarawa, yana loda wa manyan motoci zuwa masana'antun narka dalma na kudu, irin na Ogijo a jihar Ogun. Kwanan baya na tarar da yaransa sun jera batira a bakin kwata, sun kifa su. Na kira shi gefe na ba shi labarin Baba mai jaki da agwagin Kaka. Ya saurara da ladabi, hannu a baya, sannan ya ce, "Baba, ai mu ba ma narkawa. Ruwan kawai muke zubarwa, don a can da kilo suke saye, kuma ba sa biyan kuɗin ruwa."